Miyar Lallen Hajiya

Har yau akwai matan Ƙofar Guga da za su rantse miki cewa mutanen Uganda miyar lalle suke sha. Ba sa sha. Ni na sha, ni kuma na laƙa musu.

Wata takwas na yi a can ina aikin sa-kai, ina koya wa mata ɗinki. Keke dai keke ne a ko'ina, bai ba ni wahala ba. Abinci ne ya so ya kashe ni. Suna da tuwon masara, amma da wake ake ci. Yau wake, gobe wake, ranar da aka so a burge mu a dafa ayaba. Abokiyar ɗakina 'yar Filato ce, tare muka je, komai aka ba ta ci take. Ni kuwa na cika mata kunne da zancen miyar kukar Katsina, har ta koma da na buɗe baki sai ta ce, "To, mun ji."

Ana gab da babbar Sallah wani ma'aikacin ƙungiyar da ta kai mu ya dawo daga gida, ya miƙo mini jakar buhu daga Umma yana kawar da kai. Ya ce tun daga filin jirgi ake hararar sa saboda warin daddawa.

Umma ba ta iya haɗa saƙo ita kaɗai. Maƙwabciya ɗaya za ta faɗa wa, unguwa ta ɗauka. Kowace ta kawo ƙullinta: daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, alkakin da ya dagargaje a hanya. Ba rubutu a kan ko ɗaya, sai ƙyallen atamfa da aka ɗaure bakin kowace leda da shi. Na gane zanen Umma a ciki. A ƙasa na zauna ina taunar ƙuli-ƙuli, ban yarda 'yar Filato ta ga idona ba.

Bayanin wa ya ba da me yana cikin saƙon murya da Umma ta turo, da sharaɗin washegari da la'asar za ta tara matan a tsakar gida, in gode wa kowace da bakina, in ambaci abin da ta bayar. Ita za ta ji kunya idan na kwafsa. Amma saƙon Umma, kafin ta gama gaisuwa an yi wanka an shirya. Na saurara har inda ta ce, "Koren garin nan na baƙar leda Hajiya ta gidan gaba ta bada," na kashe. Koren gari kuma mene ne in ba kuka ba? Ga mura ina yi, ga daddawa ta bi komai na jakar ta zauna.

Na ce da na Hajiya zan fara, don in samu abin faɗa mata. Na kaɗa, miya ta ƙi kauri. Na ƙara. Ta yi duhu, ta yi wani kala. Muka zauna da tuwo, 'yar Filato ta kai loma ɗaya ta tsaya.

"Wannan ce miyar?"

"Ita ce."

"Akwai ɗan ɗaci."

"Ba ki saba ba ne," na ce. Ni da na yi wata huɗu ina cika baki, ai dole in cinye. Har ƙari na yi.

Da la'asar Umma ta kira, ta buɗe murya kowa na ji. Na gaida wannan, na gaida waccan, aka zo kan Hajiya.

"Hajiya, garin nan naki Allah ya saka da alheri. Yau na kaɗa miya da shi, mun ci har da ƙari."

Sai na ji Hajiya ta matso kusa da wayar.

"Mi kika ce, ɗiyar nan? Lallen kika kaɗa?"

Na dubi hannuna. Yatsu uku sun yi ja, 'yar Filato kuma tana nuno mini ludayi. Da na yi shiru na daƙiƙa biyu da gaskiya ta fito. Ni kuwa ban iya shiru ba.

"Ai Hajiya, mutanen nan haka suke yi. Su suka koya mini."

Aka ɗauki salati.

Bayan an watse Umma ta sake kira. "Ni na haife ki ko ke kika haife ni? Je ki saurari saƙona har ƙarshe." Na saurara. Kuka tana farar leda. Na baƙar kuwa, Hajiya ta ce daga bishiyar gidanta ta tsinka, ta shanya, ta daka da hannunta, don kada in yi Sallah a ƙasar mutane da farin hannu kamar marar kowa. Ragowar da bai shiga tukunya ba shi muka sa ana gobe Sallah, ni da 'yar Filato da ɗalibaina huɗu. Ya kama sosai. Ban taɓa gaya wa Hajiya ba, don in na faɗa sai na faɗi sauran.

Yanzu wata uku da dawowata. Ba suna ba biki, sai Hajiya ta ba da labarin mutanen Uganda, ta nuno ni a matsayin shaida. Ni kuma in sunkuyar da kai. Na ɗauka zance zai mutu. Jiya sai ta leƙo gidanmu, ta ce ran Juma'a surukanta na Ƙofar Kaura za su zo, tana so ta yi musu abin da ba su taɓa ci ba. Wai a miyar lallen ana sa kanwa, ko daddawa kaɗai ta isa?

Umma ta dube ni, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Gobe da hantsi zan shiga gidan Hajiya da hoton hannuwanmu na ranar Sallah. Zan durƙusa in faɗa mata yadda aka yi, in yi mata godiyar da ya kamata ta samu tun farko. Dariyar unguwa kuma a yi a gama. Miyar surukai ni zan kaɗa, kuma sai na ɗanɗana garin kafin ya shiga tukunya.