Tata Zwelinjani da Ƙudan Zuman Cikin Jirgi

Daga Allah muka zo, kuma gare shi za mu koma. Da safiyar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, Mama Nosakhele ta kira ni ta ce mijinta, Tata Zwelinjani Ntlabathi, ya cika a gida bayan jinyar ciwon ƙirji. Shekarunsa tamanin da uku. Shi ne shugaban ƙungiyarmu mai kula da tsohon filin jirgin Kraaivlei, nan bayan gari.

Tata, wato Baba a harshenmu, na yi niyyar in rubuta wannan ta'aziyya cikin natsuwa, amma duk inda na kama sai in tsinci kaina ina murmushi. Ka yafe mini.

An share filin nan a 1941, shekarar da aka haife ka, domin horar da matuƙa jirgi a Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinka yana cikin waɗanda suka fasa dutse suka daddaɓe hanyar tashin jirage da hannu. A allon tunawa da ke bakin ƙofa akwai sunayen matuƙan da suka faɗo, amma babu sunan lebura ko ɗaya. Wannan ne abin da ka fara nuna mini ranar da na zo da takardar digirina na tarihi, ina neman aikin sa kai. Ka ce, "'Yata, ajiye takardar nan kada ta sha mai. Riƙe mini sifana."

Jirgi ɗaya ya rage mana, samfurin Harvard mai launin ɗorawa, wanda aka ƙera a 1943. Ka yi rayuwarka kana gyaran manyan motoci, da ka yi ritaya sai ka koma kansa, kai da amininka Oom Barend Labuschagne, tsohon matuƙin jirgin feshin gona. Kun warware injin kun mayar, kuna faɗa a kan kowane noti. Ɗaliban da suka zo kallo kuwa ba ka taɓa barin su koma da yunwa ba, ko da burodinka na rana ne ka gutsuttsura musu.

Bara majalisar gari ta ce za ta ba wani ɗan kasuwa rumfar jirgin ya mai da ita ma'ajiyar gashin tumaki. Jirgin kuma a fitar da shi fili, inda ruwa da ɓarayin ƙarfe za su gama da shi. Da ka matsa, kansiloli suka ce za su zo ranar bikin al'adu, 24 ga Satumba. In injin ya tashi a gabansu, rumfa tamu ce. In bai tashi ba, rumfar kwanon ajiye tsatsa ce kawai, a ba ɗan kasuwa.

Ana saura mako guda muka buɗe rumfa muka ji wani irin gunji. Ƙudan zuma ne, tari guda, suka shiga cikin jirgin suka tare a bayan kujerar baya. Babu mai iya zama ya tayar da inji a haka. Oom Barend ya ruga motarsa ya dawo da gwangwanin feshi. Ka tare shi da ƙirji.

"Barend, ka yi shekara talatin kana kashe ƙwari daga sama, bai ishe ka ba? Waɗannan baƙi ne."

"Baƙi? To ka ce musu su biya kuɗin shiga. Zweli, tsohon banza, kwana nawa ya rage mana?"

"In zuma ta sauka a gidanka, magabata ne suka zo. Su suka gina filin nan. Sun ji za a tayar da jirgi, sun zo kallo, kai kuma ka tarbe su da guba? Shi ya sa ba a gayyatarka biki."

Ni ce kuwa na rubuta wa kansiloli takardar gayyata. Na ce, "Tata, in ba su tafi ba fa?" Ka ce, "Ba a korar manya, 'yata. Sallamarsu ake yi."

Mama Nosakhele ta dafa giyar dawa, kuma dole aka jira ta nuna. Ranar Asabar, jajibirin zuwan kansiloli, ka zo da ƙwaryar giyar, ka cire hula, ka durƙusa a gindin fiffike duk da ciwon gwiwarka. Ka zuba kaɗan a ƙasa. Ka kira mahaifinka da sunan danginsa, ka kira abokan aikinsa da ka sani ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu halin da ake ciki, ka roƙe su su koma gefe saboda ƙarar za ta yi yawa. Sai da ka gama ka bar Sisi Thozama, mai kiwon zuma, ta busa hayaƙi ta kwashe su cikin akwati har da uwarsu. Ita ta ce lokacin ƙaurar zuma ne kawai. Kai ka ce gaisuwa ce aka amsa. Abin da na gani da idona shi ne zuma ba ta harbi kowa ba, kuma Oom Barend ne da kansa ya ɗauki akwatin, ba hula a kansa, har gindin ƙayar da aka ce nan leburori suka yi sansani.

Washegari! Tata, wa zai manta washegari? Aka turo jirgi waje, gari ya cika filin. Ka juya farfela da hannu don man da ya kwanta a ƙasan inji ya sauka. Oom Barend ya hau. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake tari, ya tofo farin hayaƙi, sannan silinda tara suka kama gaba ɗaya! Ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata. Iska ta kwashe hular wani kansila ta kai ta shinge. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka toshe kunne suna tsalle. Kai kuwa kana tsaye kana ta ihu, ba mai jin ka. Da aka kashe inji na tambaye ka me kake cewa, ka ce, "Gaya wa Barend nake yi ya rage wuta, jakin nan zai ƙona mana shi!" Hawaye na bin kumatunka.

A watan Fabrairu majalisa ta mallaka wa ƙungiya rumfar. Dole in faɗi gaskiya, domin ba ka son ƙari: jirgin bai tashi sama ba, kuma watakila ba zai taɓa tashi ba. Amma yana ƙarƙashin rufi, kuma babu mai fitar da shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. Mama Nosakhele ta yarda motar gawa ta biyo ta filin, kuma Oom Barend zai tayar da inji yayin da take wucewa. Ya ce a wannan karon zai rage wuta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Nosakhele, da 'ya'yansu Vuyolwethu da Khanyisa, da jikoki, da dukan dangin Ntlabathi. Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Allah ya jiƙan Tata, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon riƙe abin da ya bar mana, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Lunathi Qongqo
Sakatariyar Ƙungiyar Filin Jirgin Kraaivlei