Baba Badaru, Wanda Ya Fara Cewa Ba Shi Da Gida

Ranar Talata sha huɗu ga Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Badaru mai tantuna a ɗakinsa da ke unguwar Mahjar, nan Jidda, yana da shekara saba'in da ɗaya. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba, na san da kana kusa ka ga na ɗauki alƙalami a kanka, da ka harare ni ka ce in rage surutu in nemi abin yi. Yau dai sai ka yi haƙuri, ba ka da yadda za ka hana ni.

Ga wanda bai san shi ba, haifaffen unguwar Hindawiyya ne a nan Jidda, jikan alhazan da suka taso daga ƙasar Katsina suka zo suka zauna. Shekara arba'in ya yi yana kafa wa mahajjata tantuna a Arfa da Mina. Da ƙarfi ya ja baya, sai ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya ya cika ta da tantuna da darduma, yana ba da su haya a wani filin jama'a da ke bakin teku kudu da unguwar Khumra, inda mutanen gari ke fita da iyalansu shan iska Juma'a da Asabar idan sanyi ya shigo.

A wannan fili na san ka, kuma ba shan iska ya kai ni ba. Ni direban injin ɗaga kaya ne a wani sito a Khumra. Matata Ilham tana aiki a kicin ɗin wata makarantar 'yan mata. Babu wanda ya taɓa zaman banza a cikinmu. Amma da aka rushe tsofaffin unguwanni, har da gefen da muke, kowa ya fita neman haya lokaci guda, kuɗin gida ya yi tashin da albashi bai bi shi ba. Mun lallaɓa shekara ɗaya a wani ɗan gidan sama. Da aka zo sabunta yarjejeniya, mai gidan ya faɗi sabon farashi, na duba na ga ko mun haɗa nawa da na Ilham, in mun biya sai dai mu zauna a ciki mu ci bango. Na rarraba kayanmu a gidajen abokai, na ɗebi Ilham da 'ya'yanmu biyu, Razan da Lujain, na ce musu za mu yi kwana biyu a bakin teku kafin in samo wani wuri. Kwana biyun nan wata uku ya zama.

Ranar farko ka karɓi kuɗin hayar tanti ba ka tambaye ni komai ba. Ka dai tsaya kana kallon yadda nake ɗaure igiya, ka ga abin ya ishe ka, ka ture ni gefe, ka tumɓuke turakun duka ka sake kafawa, kana ta mita cewa 'yan zamani ko akuya ba su iya ɗaurewa ba. Haka kake yi wa kowa, har mutanen da suka zo da nasu tantin ba su nemi taimakonka ba. Na ce a raina wannan tsoho masifaffe ne. Ban janye maganar ba har yau, na dai ƙara wasu a kanta.

Masu kula da filin ba sa barin tanti ya wuce kwana uku a wuri ɗaya, don an yi wurin ne saboda masu hutu. Ban san da wannan doka ba sai da na dawo aiki wata Lahadi na tarar tantinmu mai ruwan ƙasa ya zama kore, kuma ya matsa can kusa da banɗaki da famfo. Kayanmu na ciki a jere yadda muka bar su, har littattafan Razan. Na tambaye ka, ka ce wancan tantin yana yoyo ne. Wata huɗu rabon Jidda da ruwan sama a lokacin. Daga nan duk bayan kwana uku sai tantinmu ya yi yoyo, ka canza mana wani, kuma daga sati na biyu ka daina karɓar ko sisi, ka ce tantunan da ba a buɗewa ne ke ruɓewa, taimakonka muke yi.

Yanzu bari in faɗi wautar da muka yi, don ba za a gane girman abin da ka yi ba sai da ita. Idan masu hutu suka watse yammacin Asabar, tantuna bakwai ne ke saura a filin nan, nesa da juna. Ni na ɗauka sauran shidan masu son teku ne ƙwarai. Kullum na dawo aiki sai in hura gawayi a ƙofar tanti, ko da babu naman gasawa, don a ga hayaƙi a ce masu shaƙatawa ne. Maƙwabcina mafi kusa, Sa'ud, mai gadi ne a wani kanti, shi ma jikan alhazai kamar mu. Ya ce mini fenti ake yi wa gidansa, warin yana damun matarsa. Na ce masa mu ma likita ne ya ce Lujain tana bukatar iskar teku. Muka yi wa juna addu'a, ni ina roƙon fentinsa ya bushe, shi yana roƙa wa 'yata lafiyar da take da ita. Da asuba kowa ya zuba yara a mota da kayan makaranta a goge, mu wuce juna a hanya muna ɗaga hannu. Gida bakwai, duka ma'aikata, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa ciwo iri ɗaya. Kai kaɗai ka san gaskiya, don kai ke sauya tantunan bakwai.

Ana cikin haka Yaya Mazen, wan Ilham da ke zaune a Makka, ya ji labari. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya kira ni a waya ya ce ƙanwarsa tana da haƙƙin ƙofar da za ta rufe, 'ya'yanta kuma sun fara zama 'yan mata. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen Sha'aban. In aka ga watan azumi suna cikin tanti, zai zo da mota ya tafi da su gidansa, sauran magana kuma sai manya sun zauna. Gaskiya ya faɗa. Na kuma san yadda irin wannan tafiya take ƙarewa, na ga ta wasu. Shekara sha shida da aure, ga shi zan rasa iyalina ba don na yi wa kowa laifi ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na zo maka da wata dabara da nake jin kunyarta har gobe. Na roƙe ka ka kafa mini babban tantinka mai labule da fitilu, in gayyaci Yaya Mazen, in nuna masa hutu muke yi kafin a gama gyara sabon gidan da na kama. Kana naɗe igiya a gwiwar hannu, ba ka ɗago ba, ka ce:

"Ya waladi, ɗana, ina rufa maka asiri ga bare. Ga ɗan'uwan matarka kuwa, la, ba zan yi ba. Ka bari zuwa Lahadi."

Ranar Lahadi bayan La'asar ka bi tantunan bakwai ɗaya bayan ɗaya ka ce za ka yi wa marigayiya matarka sadaka, kowa ya zo da iyalinsa. Ka san babu mai iya ƙin amsa irin wannan kira. Ka shimfiɗa darduma, ka raba tsakanin maza da mata da labulen tanti, aka ajiye manyan farantai na shinkafa da kifi. Aka ci, aka yi wa marigayiya addu'a. Muna shirin tashi ka ce a dakata. Ka miƙe tsaye, ka gyara hula, ka ce:

"Ni Badaru ba ni da gida. Tun da aka rushe namu, wata goma sha ɗaya ke nan ina kwana a bayan motar can, a kan tantuna. Halas, na faɗi nawa. Wa ke biye da ni?"

Ni ƙasa nake kallo. Ban taɓa tambayar kaina inda kake zuwa idan ka tashi aiki ba, ashe ba ka zuwa ko'ina. Mu maza bakwai muka zauna kamar an ɗinke mana baki. Daga bayan labule aka ji muryar mace ta ce, "Mu ma, Baba. Wata uku ke nan." Muryar Ilham ce. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige, amma kafin in gama jin kunyar sai na ji nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Sa'ud ya share ido ya ce shi ma fentin nan nasa babu ranar bushewarsa, don babu bangon da aka shafa wa. Aka fashe da dariya, wasu na dariyar suna kuka. Daga nan kowa ya faɗi nasa.

Sai a lokacin ka fito da abin da ka daɗe kana riƙe da shi. Akwai wani tsohon hosh a Mahjar, wato gida mai katanga da tsakar gida da ɗakuna a kewaye, wanda wani kamfani ya taɓa ajiye leburorinsa a ciki. Ya yi shekaru a rufe, don magadan mai shi sun ce ba za su yanka shi ɗaki-ɗaki ba, mai so ya kama duka. Babu ɗayanmu da zai iya ko tunkarar wurin shi kaɗai. Amma gida takwas in suka haɗa hannu, abin da zai faɗo wa kowa bai kai rabin hayar da ta kore mu ba. Ka ce ka fi wata biyu da sanin wurin, abin da ya hana ka magana shi ne ba a haɗa mutanen da kowannensu ya rantse yana da gida.

Sa'ud ne ya sa hannu a takardar haya, don takardunsa sun fi na kowa ƙarfi. Sauran aikin da hannunmu muka yi shi. Ashe a tantunan nan akwai mai gyaran wuta, akwai mai aikin famfo, akwai mai walda, duk muna gaisawa daga nesa. Sati uku, daga tashi aiki zuwa Isha'i, muna kankara muna toshewa muna shafe. Kai kuma kana tsakar gida kana ba da umarni kana kushe aikin kowa. Ka ja rumfar tanti a gefen mata don su samu inuwa da sutura. Ka zaɓi ɗakin da ya fi kowane ƙanƙanta, na bakin zaure, ka ce tsoho ba ya son dogon taku.

Mun tare saura kwana biyu azumi. Washegari Yaya Mazen ya iso da motarsa kamar yadda ya yi alkawari, ya kwantar da kujerun baya don kaya. Kai ka tare shi a ƙofa, ka kama hannunsa kamar ka san shi tun yana yaro, ka kai shi har sashenmu. Ya shiga ya duba ɗakuna biyun da kicin. Ya fito ya kama ƙofar ya rufe, ya murɗa mabuɗi, ya buɗe, ya sake rufewa. Ya dubi ƙanwarsa ya tambaye ta ko ta yarda da nan. Ta ce ta yarda. Ya juyo gare ni ya ce, "Mabruk, ya Abu Razan," ya rungume ni. Ya ci abincin rana da mu, ya koma Makka shi kaɗai. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar bayan motar nan ba.

Ba ka tsaya a kanmu ba. Duk safiyar Lahadi kana filin kana duba tantunan da suka saura bayan masu hutu sun tafi. Sadakar marigayiya ta zama ta kowane sanyi. Kafin ciwon ƙirji ya kwantar da kai, ka haɗa wasu gidajen haya biyu irin namu, ɗaya a nan Mahjar, ɗaya a Khumra. Iyalai ashirin da uku ne yau suke kwana a ƙarƙashin rufi ta hanyarka, cikinsu har da waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Su ne suka cika masallaci ranar jana'izarka, har sahu ya fita titi. Yaya Mazen ya taso daga Makka, da shi aka ɗauki makara.

A zaman makoki ne 'yarka Areej, wadda ke aure a Madina, ta gaya wa Ilham abin da ba mu sani ba. Ta ce duk watannin nan da kake kwana a mota, ce mata kake yi ka kama ɗaki mai kyau kusa da teku. Sai safiyar ranar sadakar farkon nan ka kira ta ka gaya mata gaskiya. Ta yi kuka ta tambaye ka me ya sa sai yau. Ka ce mata za ka sa mutane su faɗi abin da ya fi musu wuyar faɗa, kuma ba ka da fuskar yin haka alhali kai kana yi wa 'yarka ƙarya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Areej da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanwarka Hajiya Fatsuma, da dukan mutanen Hindawiyya duk inda rushewa ta watsa su, da mazauna gidajen nan uku, waɗanda ban san ko in yi musu gaisuwa ba ko su yi mini. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, bawanKa Badaru ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka haɗa shi da matarsa da iyayensa a Aljannar Firdausi. Ya tona asirin kansa a gaban mutane don namu ya rufu, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ina rubuta wannan ne ina jin motsin Ilham a kicin da gardamar 'ya'yana a ɗaki, a gida ɗaya da ni. Ya Allah, Ka saka wannan a mizaninsa. Amin.

Abdulghani Abu Razan
Mahjar, Jidda