Muryar Kujerar Dama

Ina cikin filin motoci kusa da tashar jiragen ruwa, wata Talata da hantsi, ina duba tayoyin motar da zan kai arewa, sai Mamman mai shayi ya kira ni. Mamman ba ya kiran mutum, sai dai a kira shi, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Sale, Kofilot ya cika. Bayan azahar za a yi masa sutura." Na yi salati, na sake yi, sannan na zauna a ƙasa na jingina da tayar da nake dubawa. Abin da ya fara zo mini a rai ba fuskarsa ba ce. Saƙon muryarsa ne da ke cikin wayata, kwana tara ke nan ban buɗe ba.

Sunansa Malam Hamidu, amma duk Zangon Kwatano da Kofilot aka san shi, wato mai zama gefen direba. Shekara talatin da wani abu ya yi yana raka motocin da ake fitarwa daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa, kuma bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ƙyanda ta lalata masa idon hagu tun yana ƙarami, ba wanda zai ba shi takardar tuƙi. Sai ya zauna a kujerar dama ya mai da hanya karatunsa. Yana da littattafai irin na 'yan makaranta, cike da rubutun ajami: ramin da ke bayan gada kaza, kwanar da ke yaudarar baƙo, inda shanu kan tsallaka da la'asar. Ni na tuƙa shi shekara goma sha ɗaya, kuma ban taɓa waiwayawa na same shi yana gyangyaɗi ba. Ya ce mini haramun ne a gare shi ya yi barci a bar mutum ɗaya da rayuka biyu.

Akwai wata damina da muka iske ruwa ya hau hanya gaba da Parakou. Na ce zan shiga, ai na ga wata mota ta wuce. Bai yi musu da ni ba. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwan da ƙafarsa yana laluben ƙasa, mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyar. Da ya kai tsakiya ruwa ya kai masa ƙugu. Ya dawo ya zauna a jiƙe, ya ce mu koma ta hanyar gona. Bai taɓa tuna mini wannan rana ba, ko a cikin wasa.

Shi ya koya mana kallon rali, gasar tseren motocin nan ta duniya wadda ba a fili ake yinta ba, a hanyoyin mutane ake yi, cikin daji da duwatsu. Mukan taru a bencin Mamman bayan la'asar, mu jingina waya da gwangwanin madara, mu biyar ko shida. Mu muna kallon direba, shi yana sauraren na gefensa, wanda ke karanto hanya daga littafi cikin harshen da babu mai ji a cikinmu. Ranar da ya fara ganin an rubuta sunan mutum biyu a gilashin motar, na direba da na mai karanta masa hanya, ya sa aka tsayar da hoton ya daɗe yana dubawa da idonsa mai gani.

Yakan rufe ido ya gaya mana irin ƙasar da motar take takawa. Idan tsakuwa na dukan cikinta ya ce burji ne. Idan taya na ƙara a kwana ya ce kwalta. Idan motar ta yi luf kamar an lulluɓe ta da bargo ya ce dusar ƙanƙara ce, shi da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin buhun mai sayar da ruwan sanyi.

Duk shekara idan aka fitar da jadawalin ƙasashen da za a je, benci ya kama da gardama sati guda. Ni ɗan kwalta ne, kuma ban ɓoye ba. Ina ganin burji ya yi yawa a jadawalin, kuma a kwalta ake gane hannun direba, inda kuskuren taƙi ɗaya ke kai mutum bango. Shi kuwa ba ya goyon bayan ƙasa ɗaya. So yake a ga komai: kwaltar duwatsu mai santsi a farkon shekara, ƙanƙarar Suwidin, burjin Finlan mai tsalle, taɓon Kenya da rairayinta mai haɗiye taya. Yana jin haushin yadda ake zuwa ƙanƙara sau ɗaya kawai, yana jin haushin yadda ake taka Afirka sau ɗaya a wuce. Yakan ce, "In ka ba mutum hanya iri ɗaya shekara guda, mota ka gwada, ba ka gwada shi ba." Yakan kuma ce, "Ƙasa tana magana ta ƙarƙashin kujera. Mai sitiyari ba ya ji, hannunsa ya cika."

A kan wannan magana ta biyu muka ɓata. Jadawalin bana ya fito, na ce an sake cika shi da burji, ya maimaita mini maganarsa a gaban mutane, aka yi dariya. Raina ya ɓaci, kuma ni idan raina ya ɓaci bakina yana riga ni. Na ce, "Yaya Hamidu, mutumin da bai taɓa tuƙa ko zemijan, babur ɗin haya, ba, shi zai gaya mana abin da direba ke ji?" Na san dalilin da ya hana shi tuƙi, duk bencin sun sani. Dariyar ta ɗauke. Ya ƙarasa shayinsa a hankali, ya ajiye kofi, ya ce, "Gaskiya ne, Sale." Ya tashi ya tafi.

Na san ba a ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Mun yi sati biyar. Na ji ba ya jin daɗi, na ce sai na dawo daga tafiya. Na dawo na ce sai Juma'a. Da saƙonsa ya shigo na ga tsawonsa minti arba'in da 'yan kai, na ce lalle tsohon nan ya zauna ya tsara mini wa'azi a kan burji, na mai da wayar aljihu. Ban taɓa yin wauta irin wannan ba a rayuwata.

A wurin jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe masa duk abin da ya yi musu, kowa ya ce ya yafe. Ni ma na ce. Amma ni ke neman a yafe mini, kuma mai yafewar yana kwance a gabanmu cikin likkafani. Na sa hannu aka sauke shi, na dawo gida da wayar a aljihu tana mini nauyi. Bayan haka tsoro ne ya hana ni buɗewa. In ya faɗi abin da na cancanta, ba ni da inda zan kai amsa.

Ranar addu'ar uku na je yi wa matarsa, Inna Rakiya, gaisuwa. Ta yi mini magana daga bayan labule. Ta ce, "Malam Sale, Malam ya ce ya aiko maka da hanya. Ka gani?" Na ce na gani. Ta ce, "Kai ya ce ka kai wa Yaya Hajo kayansa. An gaya mata ta waya, ta ce ba ta yarda da waya ba, sai wanda ya ga an binne shi ya zo ya faɗa mata da bakinsa." Ta turo jaka ta ƙarƙashin labulen: rigarsa ta Juma'a, carbi, da agogo. Yaya Hajo ita ce yayarsa, ita ta raine shi, tana ƙauyensu can gaba da Kandi, inda bai samu zuwa ba shekara bakwai.

A ƙofar gidan na buɗe saƙon. Muryarsa ta fito, ta shaƙe kaɗan. "Sale, wannan bokal ɗin, saƙon muryar nan, hanyar gida ce. In ka wuce Kandi, a mararraba ta biyu ka yi dama, nan gudron ya ƙare, ba sauran kwalta. Nan za ka kunna sauran. Ka riƙe gudun mota a talatin, kada ka ƙara kada ka rage, maganata za ta yi daidai da ƙasa. Yanzu kashe." Na kashe. Haka na ɗauko sauran maganar a aljihu tun daga Zango har arewa, kujerar dama babu kowa sai jakar.

Washegari da hantsi na kai mararrabar, na yi dama, sai na ga abin da bai sani ba. An zuba wa hanyar kwalta, sabuwa fil, baƙa ƙirin. Na tsaya na daɗe ina kallonta. Sannan na kunna, na riƙe talatin.

"Rami a tsakiya, bi ta hagu," in ji shi. Babu rami. Na bi ta hagu. "Rairayi a bakin dama, kada ka taɓa birki." Babu rairayi, ban kuwa taɓa birki ba. Ya auna shirun da ke tsakanin kowace magana da ta gaba, kuma cikin shirun nan ina jin numfashinsa, ina jin tarin da yake dannewa, ina jin ƙahon zemijan na wucewa ta ƙofar gidansa a Zango. Babura suna wuce ni, masu su suna waiwayen mutumin da ke kauce wa abin da babu wanda ke gani. Ni da na sha cika baki a kan kwalta, ga ta an shimfiɗa mini, ƙafata tana son dannawa. In na danna zan bar shi a baya yana karanta hanyar da na riga na wuce. Ban danna ba.

Bayan wata gada kwaltar ta yanke, jan burji ya karɓa, kuma daga nan duk abin da ya faɗa haka na same shi. Kwanar da ke ɓoye bayan suri tana nan. Dutsen da ke fasa cikin mota yana nan. Da muka zo wani rafi ya ce, "Kada ka bi sawun tayar mutane, ka matsa dama wajen giginya, ƙasan nan dutse ne, na taka da ƙafata." Na matsa dama, na fita lafiya. Shekara bakwai bai ga hanyar ba, yana kwance da ciwo, ya karanto ta kaf daga kansa. A nan na ji abin da yake faɗa, tsakuwa tana bugun ƙarƙashin kujerar da babu kowa a kai.

"Tsamiya a dama, gida na uku. Tsaya a inuwa. Kashe mota." Na kashe. Sai ya ce, "Maganar wurin Mamman, gaskiya ka faɗa, ban taɓa tuƙi ba. Amma ka ga na kawo ka. Na yafe maka tun a ranar, girman kai ne ya hana ni dawowa benci, kai ma ka yafe mini. Kuma har yanzu ƙanƙara ɗaya ta yi kaɗan." Ya yi 'yar dariya, tari ya kama shi, saƙon ya ƙare. Na amsa masa da ƙarfi a cikin motar, na ce na yafe, Yaya. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da na ɗago sai na ga wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda. Ba ta zo wajena ba. Ta zagaya ta buɗe ƙofar dama, ta tsaya tana kallon jakar da ke kan kujera. Ta ce, "Ɗan nan, na ji muryarsa daga ɗaki." Na ce, "Inna, a waya ne. Da hannuna na sauke shi, Allah ya yi masa rasuwa." Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Wa ya nuna maka hanya?" Na ce shi. Ta ɗauki jakar ta rungume, ta ce, "To, ya rako ka ke nan. Shigo ka sha ruwa."

Na dawo Zango. Wayar tana jingine da gwangwanin madara kamar da, amma har yau ba wanda ya zauna a ƙarshen bencin ta dama, ba kuma wanda ya ta da maganar jadawali. Ni kuwa duk tafiyar da zan yi, idan na zo kwana, sai in ji ina rage gudu ina jiran a ce mini wani abu.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Hamidu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa ka yalwata masa shi. Ya tsare rayukan mutane a hanya da ido ɗaya, ka tsallakar da shi siraɗi lafiya, ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ka ba Inna Rakiya da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ka rufa musu asiri a bayansa, ka sanyaya zuciyar Yaya Hajo. Mu da muka rage, ka kiyaye mana harsunanmu, kada ka sake bari in kwana da saƙon ɗan'uwana a rufe. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.