Ƙyallen Bayan Kujera

Kukan kujera ne ya dawo mini da kalmar. Muna Doha a lokacin, unguwar Matar Ƙadim, a ɗan gidan da muka kama haya da kujerunsa. Maigidana ya jingina bayan la'asar, kujerar ta ce ƙiiƙ. Haka ta kakana take yi.

Kakana ya yi aikin boyi a gidan saukar baƙi na Turawa yana saurayi. Bai taho da komai daga can ba sai tsabta da 'yan kalmomi. Ɗaya ita ce antimacassar, shi kuwa antimakasa yake cewa. Ɗan farin ƙyalle ne da ake shimfiɗawa inda ƙeya take taɓa kujera. Ya ce Turawan dā suna shafa wani mai a gashi, makasa sunansa, ƙyallen ne yake tare man. Da na shiga sakandare na tambayi malamar Turanci, ta ce sai dai a tsofaffin littattafai.

A zaurenmu kuwa ma'anarta daban ce. Kakata take saƙa shi da kwarashi, ta wanke da bula, ta goge da dutsen guga na gawayi. Ba a shimfiɗa wa kowa sai babban baƙo. Da damina, zaure yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ka ji muryar kakana: "A kawo antimakasa, malam na tafe." Ba a kuma ɗaukewa sai baƙo ya sha kwana.

A Doha akwai wani dattijo direba, mutumin garinmu, da yake zuwa cin tuwo kowace Juma'a. Iyalinsa suna gida. 'Yata ba ta san wani kaka ba sai shi, da haka take kiransa. Bayan kukan kujerar nan na nemo zare na saƙa masa nasa.

Ya shigo daga masallaci cikin zafin nan mai danshi, hularsa ta jiƙe. Na nuna masa kujera. Ya dubi ƙyallen, ya dubi sauran kujerun da babu komai a kansu, ya zauna a darduma.

"Bari dai, 'yata. Kujerar mutane ce, kar in ɓata."

Ashe a gidan kafil ɗinsa, ubangidan da yake wa tuƙi, tawul ake shimfiɗawa duk inda zai zauna, wai kar ya ɓata musu kujera. Juma'ar da ta biyo bai zo ba, ta gaba ma haka. Yarinya ta dinga leƙen taga, tuwonta yana hucewa.

Maigidana ya bi shi har ɗakinsa a unguwar Asmak, ya ba shi labarin kakana. Tare suka dawo. Dattijon ya zauna, ya jingina sosai har kujerar ta yi kuka.

"Ashe sarauta aka ba ni na zauna a ƙasa! Yalla, uwar ɗakina, kawo ruwa."

Daga baya aikinsa ya ƙare, ya koma gida, Allah ya jiƙansa yanzu. Kujerun yau na leda ne, tsumma kawai suke so, ban kuma sake jin kalmar a bakin kowa ba. Abin da nake tunawa shi ne ranar da ya tafi. Na ɗauko ƙyallen zan jiƙa, tsakiyarsa ta yi rawaya da turaren hularsa. 'Yata ta riƙe gefen bokitin.

"Umma, kar ki wanke. Ƙanshin Kaka bai gama fita ba."