Baƙin Lalle a Yatsun Adda

Ƙiit, ƙiit, ƙiit. Har yanzu in tsuntsu ya yi irin wannan kukan a kan darbejiya, sai in tuna ɗakin nan mai ƙofar gilashi.

Shekarar da na gama sakandare ce, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Yayata, wadda muke kira Adda, tana aure a Kalgo, ta haihu lafiya. Ana gobe suna muka taso daga Gwandu ni da Inna. Da hantsi gwaggon mijinta ta kwance mata ƙunshi, ta bi shi da haɗin toka har ya yi baƙi wuluk, hannu da ƙafa, har kan farce. Mata na ta yabawa. Adda ta ce kanta na sarawa, aka ce zafin wankan jego ne. Kafin azahar jijjiga ta kama ta.

Asibitin farko suka tura mu babban asibiti a birni. Can aka sa ta a ɗakin da ake ajiye waɗanda ciwo ya yi wa tsanani. Ba a barin dangi su shiga, sai dai leƙe ta gilashi. Na ga robar iska a hancinta, ƙarin ruwa a hannu, da wani ɗan abu kamar maƙalin shanya da aka maƙala mata a yatsa, yana ba da jan haske kamar garwashi. Wayarsa ta tafi ga wani akwati, shi ne mai kukan. Can sai kukan ya canza, ya zama ƙara mai tsawo, ma'aikaciyar jinya ta taso da sauri, ta mayar da abin wani yatsan. Jim kaɗan ya sake.

Inna ta kalli wannan har la'asar. Ba ta yi kuka ba. Ta kira mijin Adda, ta ce masa ita ta ga mutuwa ba sau ɗaya ba, kuma wannan akwatin shela yake yi. In lokaci ne, ba za ta bar ɗiyarta ta cika a bayan gilashi ba, babu mai laƙƙana mata kalmar shahada.

"Nemo mota, mu kai ta gida," in ji ta.

Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa yi mata musu ba. Ya roƙi a bari likita ta zo, Inna ta ce in an sallaci magariba za su tafi, da likita ko babu.

Likitar ta zo rana na shirin faɗuwa, doguwar mace mai tabarau. Ta saurari ƙirjin Adda, ta ɗaga hannunta ta daɗe tana duban yatsun, ta yaye zane ta dubi na ƙafa. Sannan ta cire mata ɗan kunne, ta sa aka kawo wani maƙalin ƙarami ta ɗana a fatar kunnen. Akwatin ya koma ƙiit, ƙiit, a hankali, bai sake tashi ba.

Da ta fito ta damƙa wa Inna ɗan kunnen.

"Mama, riƙe mata wannan. Ku bar min ita."

Inna ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta zauna. Aka raɗa wa jaririya suna a Kalgo ba mu nan. Adda ta buɗe ido bayan 'yan kwanaki, abin da ta fara tambaya ko an ba yarinyar nono.

Inna ta rasu tana cewa a kunne likitar ta maido wa Adda rai. Ni ma ban san wani bayani ba, sai bayan shekaru da yawa, ranar da wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta ga ana yi min ƙunshi. Ta ce maƙalin nan na asibiti haske yake aikawa ta cikin yatsa don ya auna iskar da ke cikin jini, kuma likitoci sun bincika sun gano jan lalle ba ya hana shi aiki, amma baƙi yana tare hasken. Duk ƙarar da akwatin ya yini yana yi, Adda na numfashinta, shi ne ba ya ganin jininta.