Yadda Ƙanƙara Ta Ci Mini Yatsun Ƙafa

Salama gare ku, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni.

Kun tuna hoton da na sa ina tsaye cikin farar ƙanƙara, kuna ta cewa "Sabi'u an haye"? A ranar ciwon ya fara.

Ga wanda bai sani ba, aikina a Alƙahira kula da wani tsoho ne a unguwar Ma'adi, Hajji muke ce masa. Ni ke masa wanka, ni ke tura kekensa. Ɗansa, wato maigidana, ya kwashi iyali zuwa hutun sanyi a wani ƙaramin gari can arewacin Finland, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara. Hajji ya ce ba ya zuwa sai da ni.

Rana a can leƙowa kawai take yi. Ka idar da Azahar, kafin ka juya La'asar ta shigo, Magariba na biye da ita.

Ran nan muna gindin dutsen da ake zamiyar, na ga lokaci zai ƙwace mini. Na shiga banɗaki na yi alwala, na wanke ƙafa kamar yadda na saba, na zura safa uku ban goge ba, na cusa cikin takalmin da ya riga ya matse ni. Bayan salla na koma na tsaya kusa da Hajji yana kallon jikokinsa. Shi an lulluɓe shi da bargo da fatar dabba. Ni kuwa awa uku ina tsaye wuri ɗaya.

Da farko ƙafar ta yi ta zugi. Can sai ta yi shiru. Har na ji daɗi, na ce na saba.

Da muka koma masauki na cire safa, yatsun dama sun yi fari fat, sun yi tauri kamar kyandir. Na mintsina, ban ji komai ba. Sai na yi abin da muke yi a gida: na miƙa su bakin murhu, ina murzawa. Washegari suka yi bororo, na sake sa takalmi na fita.

Maigida ya ga ina ɗingishi, ya tambaya da Larabci ko lafiya. "Tamam, ya Sabi'u?"

"Tamam, ya basha."

Tsoro nake kada a ce na ɓata musu hutu, a sallame ni.

Mako guda da dawowarmu, a ɗakinmu na unguwar Ainu Shams, Malam Nura, ɗalibin da muke haya tare, ya shigo ina canza tsumman da na ɗaure ƙafar, ya ga yatsun sun yi baƙi ƙirin. Ya yi salati.

"Kai! Mutane na dawowa daga Turai da turare, kai ka dawo mana da gawayi? Yalla, tashi, asibiti!"

Likitan ya daɗe yana kallo. Ya ce shi a littafi kawai ya san wannan ciwo. Ya kira abokan aikinsa biyu su ma su gani.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton jijiyoyi, aka yi mini allurar tetanus. Sannan ya ɗauki alƙalami ya ja layi a kan fatata, daidai inda baƙin ya tsaya.

"Ba za mu yanke yanzu ba. Za mu jira naman ya nuna iyakarsa. In baƙin ya haye layin nan, maganar ta koma ta rabin ƙafa."

Mako shida ina kallon layin nan. Da na buɗe ido da safe, shi nake fara dubawa. Duk bayan kwana biyu wankin ciwo, ga warin da ni kaina nake gudu. Mai tura keken wani, idan ya rasa ƙafa, wa zai tura nasa?

Da na gaya wa Inna ta waya, sai ta ce, "Ka roƙe su su bar maka wadda za ka tako gida da ita."

Baƙin bai haye ba. An cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Sauran ukun sun saɓule fata, sun dawo.

Jiya na taka har tashar jirgin metro ba sanda. Tafiyar minti goma ce, na yi ta a rabin awa, amma da ƙafata.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Malam Nura da ya goya ni bene hawa huɗu ba sau ɗaya ba. Na gode wa maigida da ya biya kuɗin tiyata da magani, bayan ya wanke ni tas don na ɓoye masa. Hajji kuwa ya ƙi yarda a ɗauki wani a madadina.

Duk mai zuwa ƙasar ƙanƙara, ka ji daga bakina. Ka goge ƙafa ta bushe kafin safa. Ka tambayi malamai hukuncin shafa a kan huffi tun kafin ka tashi. Ni sai a gadon asibiti na koya. Kada takalmi ya matse ka. Idan fata ta yi fari ta daina ji, kada ka kai ta wuta, kada ka murza, ka nemi likitan garin a ranar, su suka san abin.

Kuma idan aka tambaye ka ko lafiya, ka faɗi gaskiya. Likita ya ce da na yi magana tun a can, wataƙila da yatsun ƙafata biyar cif nake rubuto muku wannan.