Ranar da Kawu Ya Koma Amfani da Harsashin Jan Ƙarfe

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a Farin Dutse, amma da an gama girbi sai ya koma maharbi. Adaka gare shi, doguwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna tsumma, sannan a zuba harsashi. Ni a Birnin Kudu nake koyarwa. In na samu hutu sai in hau babur in tafi wurinsa cin naman zabi.

Wata shekara 'yarsa da ke aikin asibiti ta zo gida, ta tarar da jikokinsa suna tsintar ƙwayoyin darma a cikin miya suna wasa da su. Ta ce, "Baba, darma guba ce. Ko ka canza harsashi, ko yaran nan su daina cin namanka."

Kawu ya yini yana ƙunƙuni. Washegari ya ce in kai shi Basirka wurin abokinsa maƙeri.

Maƙerin ya ɗauko tsohuwar wayar jan ƙarfe mai kauri, ya yayyanka, ya bubbuga har suka dunƙule. Wasu kamar ƙwayar dawa, wasu kamar wake. Muka fita bayan gari, muka jingina tsohon faifai a jikin suri. Kawu ya ɗura ƙananan, ya saita, ya ja kunama. Hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe, faifai na nan lafiya lau, sai ganyen ɗorawa ke zubowa daga sama.

Maƙeri ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ba laifin ƙarfena ba ne, idonka ne ya tsufa."

"Idona ƙalau," in ji Kawu. "Abinka ne ba nauyi. Darma taushi gare ta, tana kama cikin bindiga. Wannan kuwa rawa yake yi a ciki."

Ya zauna a ƙasa, ya zaɓo masu girman wake, yana mirgina kowanne a tafin hannu yana ware masu gefe. Ya rage albarushi, ya naɗe harsashin da tsumma mai ɗan man gyaɗa, ya danna sosai. Harbi na biyu ya taɓa bakin faifan. Na gaba kuwa ya yi masa kaca-kaca. Sai a lokacin maƙeri ya tuna cewa faifan matarsa ne, bai kuma tambaye ta ba.

Da safe na bi Kawu daji ta wajen Sara. Muka dawo da zabi biyu da ciwon ƙafa. Ya sa aka fige ɗaya, aka ɗaure a bayan babur ɗina, ya ce in biya ta Basirka in kai wa matar maƙeri, in ba ta haƙuri. Ta karɓa tana dariya, ta ce in gaya musu akwai wani tsohon matankaɗi idan za su sake gwaji.